Birnin Jos: Baƙi, Hanyoyi da Kiyaye Ƙasa

Jos tana zaune a kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200 daga doron teku. Wannan tsayi shi ne ya ba ta sanyin iskar da ke jawo baƙi daga ko'ina cikin Nijeriya. Mai ziyara yakan ga Gidan Kayan Tarihi wanda Bernard Fagg ya kafa a 1952, inda aka adana sassaƙen yumɓu na Nok. Har wa yau akwai Gandun Namun Daji da aka kafa a 1972, zamanin Gwamna Joseph Gomwalk, da duwatsun Shere, da magangarar ruwa ta Assop. Waɗannan su ne jarin birnin, kuma idan suka lalace ba a sayo irinsu a kasuwa.

Baƙo ba ya zuwa inda babu hanya, amma tarihin Jos ya nuna cewa hanya kaɗai ba ta isa ba. Domin kwasar kuza ne aka shimfiɗa ƙaramin layin dogo daga Zariya, wanda ya iso a 1914, sa'an nan babban layi ya biyo ta Kafanchan a 1927. Kuza ta tafi ƙasashen waje, aka rufe ƙaramin layin a 1957, aka bar wa mazauna ramuka da kududdufai masu zurfi waɗanda suka cinye gonaki, suna kuma halaka mutane da dabbobi. An yi lissafin abin da za a ɗauka, ba a yi lissafin abin da za a bari ba.

Ruwan sama ya sake tunatar da jama'a a watan Yuli na 2012, lokacin da ambaliya ta afka wa unguwannin Rikkos da Gangare da Unguwar Rogo, mutane fiye da 30 suka rasu. Dalilin a fili yake. Ƙasa mai ciyawa da itatuwa tana shanye ruwa sannu a hankali, amma kwalta da siminti da kwanon rufi ba sa sha. Duk sabon titi ko masaukin baƙi yana ƙara yawan ruwan da ke gangarawa cikin Kogin Dilimi da rafukansa. Idan an yi gini a bakin rafi, aka kuma cika lambatu da shara, ruwan sai ya bi ta cikin gidaje.

Saboda haka wajibi ne a tsara abubuwa uku tare. Na farko, kada a fitar da titi sai da magudanar ruwa mai faɗin da ya dace. Na biyu, a ƙarfafa manyan motocin safa tsakanin Jos da Bukuru, da filin jirgin sama na Heipang, domin mota guda mai ɗaukar jama'a ta fi ƙananan motoci goma rage cunkoso da hayaƙi. Na uku, a gyara tsofaffin ramukan kuza, kamar yadda aka mai da tafkin Rayfield wurin shaƙatawa, a kuma hana fasa duwatsu da sare itatuwa kusa da wuraren ziyara.

Aikin bai tsaya ga hukuma ba. Mai neman yin gini ya nemi izini tukuna, ya nisanci hanyar ruwa. Mai shago ya share lambatun ƙofarsa kafin damina. Birnin da ya kiyaye lafiyar mazaunansa shi ne baƙo zai so ya koma.