Tarkacen jiragen baƙin halittu: Rantsuwar David Grusch da hujjar da aka kasa ɗorawa a kan tebur

A ranar 26 ga Yulin 2023, wani tsohon jami'in leƙen asiri na rundunar sojin saman Amurka, David Grusch, ya yi rantsuwa a gaban wani ƙaramin kwamitin Majalisar Wakilai a birnin Washington, sannan ya faɗi maganar da ba a saba ji daga bakin irinsa ba. Ya ce gwamnatin ƙasarsa ta kwashe gomman shekaru tana gudanar da wani shiri na sirri, inda take kwaso tarkacen jiragen da ba ɗan'adam ne ya ƙera su ba, tana warware su don ta kwaikwayi fasaharsu. Da 'yar majalisa Nancy Mace ta tambaye shi ko an samu gawarwakin matuƙan, sai ya ce an samu sassan jikin halittun da ba mutane ba.

Grusch ba mutumin da za a yi wa kallon mai tatsuniya ba ne. Ya yi aikin soja a Afganistan, kuma daga 2019 zuwa 2021 ya wakilci NRO, hukumar da ke kula da taurarin ɗan'adam na leƙen asiri, a kwamitin da Ma'aikatar Tsaro ta kafa don binciken abubuwan da ake gani suna shawagi a sama ba a gane su ba. Bai kuma bi hanyar Edward Snowden ta kwashe takardu ya tsere ba. Ya shigar da ƙorafi a ofishin Sufeto Janar na hukumomin leƙen asiri, ya miƙa abin da zai faɗa ga masu tantancewa na Pentagon, kafin jaridar intanet ta The Debrief ta buga labarinsa a Yunin 2023.

Duk wanda ya taɓa riƙe fayil ɗin gwamnati ya san cewa kowane hatimi da iyakar abin da yake nufi. Izinin da Pentagon ta bayar na nufin babu sirrin ƙasa a cikin kalamansa, ba shaida ce cewa gaskiya ya faɗa ba. Haka ma matsayar Sufeto Janar cewa ƙorafin abin dubawa ne cikin gaggawa: lauyoyin da suka tsaya masa sun bayyana cewa ta shafi zargin ɓoye wa Majalisa bayanai ne. Ba a nan aka tabbatar da samuwar wani jirgi ba.

Hausawa sun ce gani ya kori ji, kuma nan ne raunin shaidar yake. Grusch ya dogara ne da hirar da ya ce ya yi da mutum fiye da 40 cikin shekara huɗu. Bai nuna hoto ko takarda a zaman ba, tambayoyi da dama kuma ya ce sai a ɗakin sirri zai amsa su.

A Maris ɗin 2024, ofishin AARO da Pentagon ta kafa a 2022 ya fitar da rahoton da ya bi diddigin lamarin tun daga 1945. Ya ce bai samu wata hujja ta fasahar wata duniya ba. A cewarsa, wasu mutane ƙalilan ne ke ta maimaita labarin a tsakaninsu har ya yi kama da shaidu masu yawa, wasu kuma shirye-shiryen soja na gaskiya suka hango, suka yi musu wata fassara. Ya kawo misalin Kona Blue, shirin da aka taɓa neman Ma'aikatar Tsaron Cikin Gida ta ɗauki nauyinsa, ta ƙi.

Magoya bayan Grusch sun ce an ba kura ajiyar nama, tunda wanda ake zargi shi ya binciki kansa. Shakkunsu na da tushe. Tarkacen da aka tsinta kusa da Roswell a 1947, sojoji sun ce na balan-balan ɗin auna yanayi ne. Sai a 1994 suka amsa cewa na wani shirin sirri ne na sauraron gwajin nukiliyar Tarayyar Sobiyet.

Sanata Chuck Schumer da Sanata Mike Rounds sun nemi raba gardamar a 2023, da ƙudurin kafa kwamiti mai zaman kansa da zai duba takardun ya saki na saki. Kafin dokar kasafin tsaro ta wuce a Disamba, an zare batun kwamitin, aka bar umarnin tattara bayanan a Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa.

Ko ta ina aka duba, akwai abin damuwa. In Grusch ya yi gaskiya, an kashe kuɗin jama'a shekara da shekaru ba da sanin masu amincewa da kasafi ba. In ya yi kuskure, jami'an da aka damƙa wa manyan sirrin ƙasa sun gaskata jita-jitar da sirrin kansa ya hana su tantancewa. Hukuma mai zaman kanta da za ta buɗe fayil ɗin ita ce za ta iya bambance biyun, kuma ita ce Majalisa ta zare daga dokar 2023.