Bayan an naɗe rumfar gwaji, wa ke raka mace asibiti?

Duk shekara idan watan Oktoba ya kama, zangunanmu sukan yi baƙi masu riguna ruwan hoda. A kafa rumfa a filin makaranta ko a ƙofar gidan sarki, a jera kujerun roba, a kunna lasifika ana shela cewa yau za a duba mata kyauta: mama, hawan jini, sikari, wani lokaci har da bakin mahaifa. Daga Nima da Mamobi a Akra zuwa Aboabo da Asawase a nan Kumasi, abin ya zama jiki. Mata su fito, wata da goyo, wata da tiren tallarta a ka, a duba su, a ɗauki hoto, kafin la'asar an naɗe rumfa kowa ya kama gabansa.

Ni ba likita ba ce, ba kuma nas ba. Aikina a irin waɗannan ranaku tafinta ne. Nas ta faɗa da Turanci ko Tonanci, yaren masu gari, ni in juya wa tsohuwa da Hausa, in kuma mayar wa nas amsarta. A ƙidayar 2021 mu Musulmi kusan kashi 20 cikin 100 ne na mutanen Gana, saboda haka ba abin mamaki ba ne a turo ma'aikaciyar lafiyar da ba ta jin ko "sannu". Wannan aiki ne ya sa nake tsaye a bayan labule lokacin da ake miƙa wa mace 'yar takarda a ce: an ji wani ƙullutu, ki je babban asibiti a ƙara dubawa. A cikin mata ɗari, 'yan kaɗan ne ke samun wannan takarda, amma saboda su aka kafa rumfar tun farko. Kuma abin da nake gani shekara da shekaru shi ne takardar tana shiga ƙasan jaka, tsakanin carbi da katin zaɓe, ta kwana, ta yi wata, ta yi shekara.

Ƙiyasin da cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar na 2022 ya nuna mata kimanin 5,000 ne ke kamuwa da sankarar mama a Gana a shekara guda, fiye da 2,000 kuma suna rasuwa. Ta bakin mahaifa tana kama kimanin 3,000, kuma fiye da rabin wannan adadi ne ke mutuwa. Likitocin Korle Bu da na Komfo Anokye sun daɗe suna kuka da abu ɗaya: fiye da rabin matan da ke zuwa musu da ciwon mama suna zuwa ne bayan ya yi nisa, ya kai mataki na uku ko na huɗu. Da yawansu kuma ba tsofaffi ba ne, 'yan arba'in da wani abu ne, masu yara a makaranta.

To me ke riƙe takardar a jaka? Na farko tsoro ne, kuma ba tsoron mutuwa ba. Wata yayata a unguwa, mai sana'ar koko da ƙosai, da na matsa mata ta koma asibiti, ce mini ta yi: "Ƙanwata, in na je yanke mini za su yi. In dawo gida da mama ɗaya, ga amarya a ɗakin can?" Ban yi mata dariya ba, don ba maganar dariya ba ce. Amma ga abin da ba a cika samun lokacin bayyanawa a cikin hayaniyar rumfa ba. Mafi yawan ƙullutun da ake ji a mama ba daji ba ne. Akwai na ruwa, akwai tsiron da ba ya yaɗuwa, musamman a jikin 'yan mata. Hannun nas ba ya iya rarrabewa, shi ya sa ake tura mace a yi hoto, in ta kama a ɗebi ɗan tsokar wurin da allura a kai ɗakin gwaji. In ma dajin ne, idan yana ƙarami sau da yawa shi kaɗai ake cirewa a bar maman. Jinkirin nan da ake yi don gudun wuƙa, shi ne ke sa a yanke duka. Akwai kuma wata magana da ke yawo cewa da zarar ƙarfe ya taɓa ciwon sai ya bazu. Abin da ke faruwa shi ne mace ta zo a makare, an yi aiki ciwon ya riga ya kai huhu ko ƙashi, ta rasu, sai laifin ya faɗa kan wuƙa.

Na biyu kuɗi ne da lokaci, kuma a wurin 'yar kasuwa duk abu ɗaya ne. Wadda ke tashi ƙarfe uku na dare ta dama koko, in ta yi wuni a layin asibiti, ranar babu cefane. Maganin sankarar mama da ta bakin mahaifa yana cikin jerin abubuwan da inshorar lafiya ta ƙasa ta ɗauka, wadda aka kafa da doka tun 2003, amma duk wanda ya yi jinya ya san akwai hotuna da gwaje-gwaje da wasu magunguna da sai an taɓa aljihu. Ga kuma katin da ya mutu tun bara ba a sabunta ba, alhali yanzu ta waya ake yi, a danna *929# a biya da kuɗin waya. Na sha ganin mace ta shirya tafiya, sai a bakin taga ta tarar katinta ya ƙare, ta juya gida, shi ke nan kuma an bar maganar.

Sai batun maigida. A nan ina da magana da mazanmu, kuma ba faɗa ba ne. Yawancinsu ba hanawa suke yi ba, ba a gaya musu ba ne. Matar tana jin nauyin ta ce masa ga abin da aka ji a jikina, shi kuma da aka yi shela a lasifika ya ɗauka harkar mata ce, ya wuce kasuwa. Amma izinin fita a hannunsa yake, kuɗin mota a hannunsa, kuma idan likita ya ce aiki za a yi, kallon fuskarsa matar za ta fara yi. Minti biyar a huɗubar Juma'a, liman ya ce wa maza su tambayi iyalinsu abin da aka ce musu a rumfa, zai yi aikin da rigunan ruwan hoda dubu ba za su yi ba.

Akwai wani wurin da nake ganin malamanmu mata na makarantun Islamiyya suna riƙe da makulli ba su sani ba. Mace in ta ga jini ba a lokacin al'ada ba, ko bayan saduwa da miji, ko shekaru bayan ta daina al'ada gaba ɗaya, ba wurin nas take fara zuwa ba. Wurin malama take zuwa ta ce: "Malama, wannan haila ce ko istihala? In yi sallah ko in dakata?" Malama ta ba ta hukunci daidai, ta yi tsarki ta ci gaba da ibadarta, maganar ta mutu a nan. Alhali waɗannan ukun, tare da fitar ruwa mai wari da ba ya jin magani, su ne manyan alamomin da likitoci ke cewa a duba bakin mahaifa ba tare da ɓata lokaci ba. Ba kowane irin jinin nan ne daji ba, amma babu mai iya sani sai an duba. Da malama za ta ƙara jimla ɗaya, "ki yi sallarki, gobe kuma ki je asibiti", da an tsamo mata da yawa. Haka batun rubutu da tofi da addu'a. Ban taɓa jin malamin kirki ya ce a zaɓi ɗaya tsakanin addu'a da asibiti ba. Wanda nake tsoro shi ne mai maganin da ke shafa wa mama ƙullin da ke cin fata, ya ce jifa ne ko sammu, ya hana a je ko'ina har sai wurin ya fashe.

Abin takaici da sankarar bakin mahaifa shi ne tana cikin cututtukan dajin da aka fi iya tarewa. Wata ƙwayar cuta ce da ake kira HPV ke haddasa kusan dukkanta. Ta hanyar saduwa ake ɗauka, kuma ta yawaita ƙwarai, har yawancin manya sukan ɗauke ta a wani lokaci jiki ya kore ta ba su sani ba. In faɗa a fili, don na san abin da ake raɗawa: macen da ba ta taɓa sanin kowa ba sai mijinta tana iya ɗauka. Ba shaidar lalata ba ce. A jikin wasu ƙwayar takan zauna, kuma takan ɗauki shekara 15 zuwa 20 kafin ta zama daji. A cikin wannan dogon lokaci, nas da aka horar za ta iya shafa ruwan binega a bakin mahaifa, wurin da ya fara lalacewa ya yi fari, a ƙona shi da 'yar na'ura mai zafi ko a daskare shi da sanyi cikin mintuna, mace ta koma gida da ƙafarta ranar. Asibitin Katolika na Battor a yankin Bolta ya yi suna wajen horar da nas-nas da ungozomomi wannan aiki. Akwai ma gwajin da mace ke ɗaukar samfurin da kanta a bayan labule, da ɗan tsinke mai auduga, ta miƙa a kai ɗakin gwaji, ba wanda ya ga tsiraicinta. Ga matan da kunya ke hanawa, wannan ne ya kamata masu shirya gangami su nemo mana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara gwajin daga shekara 30, mai ɗauke da cutar ƙanjamau kuma daga 25.

A watan Oktoban 2025 gwamnati ta fara yi wa 'yan mata 'yan shekara 9 zuwa 14 allurar rigakafin HPV kyauta a faɗin ƙasa. Tun kafin ma'aikata su iso makarantu, saƙonnin murya sun riga su isa WhatsApp: wai allurar hana haihuwa ce. Mun taɓa jin wannan. A 2003 irin wannan magana ta sa aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano, cutar ta tsallako iyakoki har ta sake ɓulla a nan Gana, yaran da ba su ji ba ba su gani ba suka gurgunce. Ita wannan allura tun 2006 ake yin ta a duniya, an yi wa miliyoyin 'yan mata, da yawansu yau iyaye ne. Dalilin da ya sa ake yi wa ƙanana shi ne ta fi aiki kafin yarinya ta haɗu da ƙwayar, wato tun kafin aure. Uwar da ke da shakka ta je ta tambayi nas ido da ido, ta fi ta saurari muryar wanda ba ta san fuskarsa ba.

Mu koma kan takardar. Ba na raina masu kafa rumfa. Ƙungiya irin Breast Care International, da Dakta Beatrice Wiafe Addai ta kafa a nan Kumasi a 2002, ta shiga ƙauyuka da masallatai da coci-coci tana wannan faɗakarwa tun ana jin kunyar ambaton kalmar mama a bainar jama'a. Amma baƙo ba zai iya bin mace gida bayan mako biyu ya ce kin je ko ba ki je ba. Wannan namu ne, ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Kuma ba sai an kafa sabuwar ƙungiya da shugaba da ma'aji ba. Muna da magajiya a kowane zango, muna da ƙungiyoyin adashi, muna da na biki da suna waɗanda ke iya tara kuɗin anko cikin kwana uku. Waccan yayar tawa mai koko, abin da ya kai ta asibiti a ƙarshe ba wa'azina ba ne. Wata maƙwabciya ce ta ce za ta tsaya mata a kan tukunya ranar, 'yan adashinsu suka ba ta ɗauka kafin layinta ya zo, ni kuma na raka ta don in juya mata maganar likita. Mutum uku, ba wanda ya kashe abin da ya fi ƙarfinsa.

Waɗanda suka fi mu shan wuya su ne 'yan'uwanmu na arewa. Shekaru da yawa, na'urar gashin daji ta gwamnati a Korle Bu da Komfo Anokye kaɗai ake samunta, kuma gashin ba na rana ɗaya ba ne, kusan kullum ake zuwa har makonni. Mace daga Tamale ko Wa ko Bawku sai ta nemi wurin kwana a garin da ba ta san kowa ba, wasu a barandar asibiti suke shimfiɗa zane. Kakanninmu fataken goro da suka kafa zango, ai don saukar baƙo suka kafa shi, kowane bafatake yana da maigidan da ke ba shi ɗaki. Ɗaki ɗaya a Aboabo ko Sabon Zango, da masallacin unguwa zai ɗauki hayarsa don masu jinya, bai fi ƙarfinmu ba.

Kafin Oktoba mai zuwa, idan masu gangami suka zo neman izinin kafa rumfa, ina roƙon sarakunanmu da magajiyoyi su yi musu tambaya kafin a ba su fili. Mata ne za su yi dubawar, kuma akwai labule na gaske? Akwai mai jin Hausa a cikinsu? Wadda aka ji wa wani abu, wane asibiti za ta je, wace rana, nawa za ta riƙe, wa za ta nema in ta isa? A kuma nemi yardar matar a rubuta lambar wata 'yar'uwa da ta amince da ita, wadda za a kira bayan mako biyu a ji ko an je.