Muhimman Alƙaluma: Iyakar Abin da Ma'auni Ya Gani

Shirin musamman na yau ya yada zango a Wudil, garin da ke kan hanyar Kano zuwa Maiduguri, inda Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano ta fara aiki a 2001, wadda daga baya aka sauya wa suna zuwa ta Aliko Ɗangote. Cikin darussan farko da ɗalibin kimiyya yake cin karo da su a ɗakin gwaje-gwaje akwai na muhimman alƙaluma, wato alƙaluman da awo ya tabbatar da su a cikin lamba, haɗe da guda ɗaya na ƙarshe wanda aka ƙiyasta.

Tushen darasin shi ne kowane ma'auni yana da iyakar da ganinsa ba ya wucewa, kuma yawan alƙaluman da mai awo ya rubuta shaida ce a kan wannan iyaka. Wanda ya rubuta cewa tsawon ƙarfe santimita 12.4 ne, yana nufin tsawon yana tsakanin 12.35 da 12.45, amma wanda ya rubuta 12.40 ya yi iƙirarin cewa awonsa ya fi na farko kaifi sau goma, duk da cewa a darasin lissafi lambobin biyu ɗaya suke. Mai auna gero da mudu yana iya faɗin mudu nawa ke cikin buhu, amma idan ya faɗi nauyin geron har zuwa giram, ya faɗi abin da mudunsa bai nuna masa ba.

Duk alƙalamin da ba sifili ba yana cikin muhimmai, shi kuwa sifili matsayinsa ne ke yanke masa hukunci. Idan ya faɗo a tsakiya, kamar a 405, ana ƙirga shi. Idan ya zo a farko, kamar a 0.0045, aikinsa nuna wurin ɗigo ne kawai, don haka muhimman alƙaluman lambar biyu ne. Idan kuma ya zo a ƙarshe bayan ɗigo, kamar a 4.50, yana cikin lissafi. Ruɗanin yana ga lamba irin 1,500, domin mai karatu ba zai san ko an auna ta daidai ne ko kusantar da ita aka yi ba. A 1856 masu safiyo a Indiya sun sanar da cewa tsayin dutsen Everest ƙafa 29,002 ne, kuma ana ba da labarin cewa lissafinsu 29,000 cif ya bayar, sai suka ƙara ƙafa biyu don kada a ɗauka kintace suka yi. A yau masana suna magance wannan ta hanyar rubuta lambar a matsayin 2.9000 sau 10,000, yadda kowane sifili zai nuna cewa an auna shi.

Inda darasin ya fi amfani shi ne wajen lissafi da sakamakon awo, kuma kogin da ya ratsa Wudil misali ne na kusa. Ruwan kogin Kano da na Chalawa, waɗanda madatsun Tiga da Chalawa suke tarewa, yana haɗuwa kafin ya wuce ta ƙarƙashin gadar Wudil ya nufi Haɗeja, kuma an daɗe ana auna yawansa a nan saboda manoma da masunta na gaba sun dogara da shi. A ƙaddara mai awo ya sami faɗin ruwan mita 85, matsakaicin zurfinsa mita 1.2, gudunsa kuma mita 0.6 a daƙiƙa. Na'urar lissafi za ta ninka su ta ba da 61.2, amma ƙa'idar ninkawa da rabawa ita ce amsa ba ta wuce yawan muhimman alƙaluman awon da ya fi rauni, kuma tunda gudun ruwan alƙalami ɗaya ne da shi, abin da ya halatta a rubuta shi ne kimanin mita kubik 60 a daƙiƙa. Dalilin a fili yake, domin 0.6 yana iya zama 0.55 ko 0.65, abin da zai kai amsar wajen 56 ko 66.

A tarawa da ɗebewa kuwa, wuraren bayan ɗigo ake dubawa, ta yadda giram 12.5 da giram 0.347 za su zama 12.8, ba 12.847 ba. Ana kuma jinkirta taƙaita lamba sai a matakin ƙarshe, don kada ƙananan kurakurai su taru su yi yawa.

Wannan ƙa'ida ba ta shafi abin da aka ƙirga ko aka ƙayyade ba. Shanu 48 da aka loda a kasuwar Kara ta Wudil ranar Juma'a 48 ne babu kokwanto, haka nan santimita 100 da ke cikin mita, da gudun haske da aka ƙayyade tun 1983 a kan mita 299,792,458 a daƙiƙa.

Ƙarin alƙaluma yana sa lamba ta yi kama da tabbatacciya alhali ba haka take ba, kamar yadda digiri 37 na zafin jikin ɗan Adam a ma'aunin Salshiyas, wanda matsakaici ne da likitan Jamus Carl Wunderlich ya yaɗa a ƙarni na 19, ya koma 98.6 a ma'aunin Faranhait, har mutane suka ɗauke shi iyakar lafiya. Rage alƙaluma shi ma yana da nasa haɗari, domin mai haɗa magani da ya mayar da miligiram 0.25 zuwa 0.3 ya ƙara kashi 20 cikin ɗari a kan abin da likita ya rubuta. Saboda haka aikin mai awo, ɗalibi ne ko injiniya ko ma'aikacin asibiti, shi ne ya san ƙarfin ma'auninsa tukuna, sannan ya rubuta daidai abin da ya nuna, ba ƙari ba ragi.