Karatu Kyauta Ne, To Kuɗin Tara Fa?

 Na san da kuka buɗe shafin nan labarin soyayya kuke zaton gani, to ku yi mini afuwa, wani abu ne ya tsaya mini a rai tun da na dawo daga ƙauye, na ga idan ban amayar da shi ba, ba zan samu sukuni ba.

Kwanakin baya na shirya na tafi Maruta, cikin ƙaramar hukumar Gwaram ta Jihar Jigawa, wajen yayata da ke aure a can. Daga Kano muka bi ta Wudil, muka ratsa Birnin Kudu, kafin la'asar ina cikin gida ana ta oyoyo. 'Ya'yanta uku ne ke zuwa firamaren gwamnati: babbar tana aji biyar, ƙaninta yana aji biyu, sai takwarata 'yar shekara huɗu da aka sa a rabin aji, wanda 'yan birni ke ce wa naziri.

Washegari da sassafe kukan takwarar tawa ne ya fito da ni tsakar gida. An yi mata wanka, an sa mata yunifom, amma ta zauna dirshan a ƙasa ta ce ita ba inda za ta. Na ce, "Yaya, me aka yi mata ne?"

Yaya ta kwance bakin zaninta ta nuna mini naira ɗari biyu, ta ce, "Kin ga fa abin da nake fama da shi kullum, auta. Su uku ne, kuɗin na mutum biyu ne. Babansu ya tafi cin rani, abin da ya aiko ya ƙare. An ce mana karatu kyauta ne, kuma ba a yi ƙarya ba, ko sisi ban taɓa biya na makaranta ba. Amma da zarar an tashi tara, wanda ba shi da ko kwabo sai ya zama ɗan kallo."

Kafin in buɗe baki sai babbar ta sunkuyar da kai ta ce, "Umma, a ba ta nawa, ni ai na saba." Wallahi 'yan uwa, kalmar nan "na saba" ita ce ta sa idona ya ciko da ƙwalla. Yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya, ta saba da wuni a aji cikinta babu komai sai ɗan kokon safe!

Da hantsi na yafa mayafi na bi bayansu don in gani da idona. Ana kaɗa ƙararrawa yara suka yo waje a guje, suka baibaye masu awara da ɗan wake da rogo da ƙuli. Can gefe kuwa, a gindin wani darbejiya, ga wasu 'yan ƙanana sun jeru sun zuba tagumi. Malamarsu, wata baiwar Allah mai fara'a, ta ce da ni, "'Yar uwa, daga an dawo tara na kan gane wanda ya ci da wanda bai ci ba. Wannan yana waƙar baƙaƙe, wancan yana gyangyaɗi. Idan uwa ta rasa kuɗin tara kwana biyu a jere, rana ta uku ba za ki ga yaron ba."

To ina gizo yake saƙar? Tun a 1999 Shugaba Obasanjo ya ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya na UBE a Sakkwato, aka yi masa doka a 2004, wadda ta ce karatun firamare da ƙaramar sakandare kyauta ne kuma dole ne, ta kuma ambaci kula da ilimin ƙananan yara. Manufar ilimi ta ƙasa ta 2013 ta ƙara shekara guda ta share fage kafin aji ɗaya. Shi ya sa kuke ganin rabin aji a firamarorin gwamnati. Sai dai kyautar ta tsaya ne a kan aji da allo da malami, ba ta kai ga kwano ba.

A 2016 gwamnatin Buhari ta fara shirin ciyar da 'yan firamare, inda aka ware naira 70 a kan kowane yaro a rana, ana ba matan gari su dafa su kai. Amma an tsara shi ne domin 'yan aji ɗaya zuwa uku. Ke nan ko a lokacin da tukunyar ke tafasa, irin su takwarata ba sa cikin lissafi, alhali su ne suka fi ƙaramin ciki, suka fi saurin galabaita. A watan Janairun 2024 kuma Shugaba Tinubu ya dakatar da shirye-shiryen tallafin jama'a, har da na ciyarwar, don a yi bincike. Ga shi tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kayan abinci suka yi tashin gwauron zabo.

Ku zo mu yi ɗan lissafi irin na 'yan makaranta. Yara uku, kowa naira 100, kwana biyar, ya kama naira 1,500 a mako. A mako 12 an tashi da naira 18,000. Ga macen da sana'arta ba ta wuce ƙuli-ƙuli ko kitso ba, wannan kuɗi ne mai nauyi. Daga nan ne sai ku ji an ce babbar ta ɗauki farantin talla "don a samo wa ƙannenta na tara", karatunta kuwa sai yadda hali ya yi.

Kada ku zaci mu kaɗai ne. A Ingila ma gwamnati na biya wa kowane yaro ɗan shekara uku da huɗu awa 15 na naziri a mako, kuma daga 2017 ta mai da shi awa 30 ga iyaye masu aiki, amma kuɗin bai haɗa da abinci ba, iyaye ne ke biya ko su ƙunso daga gida. Indiya kuwa, ƙasar da muke kwana kallon finafinanta, tun 1975 ta buɗe gidajen renon yara a ƙauyuka da ake kira Anganwadi, inda 'yan ƙasa da shekara shida ke samun wasa da karatu da abinci a wuri guda. Su sun gane cewa da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Kafin in bar Maruta mun zauna da Yaya da maƙwabtanta huɗu, muka yanke shawarar adashin tukunya. Kowace mace ta ɗauki rana ɗaya a mako, ta dafa wa 'yan ƙananan gidajen biyar abin da ya sawwaƙa: dafa-dukan wake, ko dankali da ƙuli, ko ɗan wake, ko kunun gyaɗa a gora. Abin da ke cikin rumbu ya fi abin da ke bakin makaranta araha da tsabta. Muka kuma ce a kai maganar taron iyaye da malamai da kwamitin kula da makaranta, a roƙi a riƙa zaunar da 'yan rabin aji su ci tare, don kada a gane mai shi da maras shi. Ga hukuma kuma roƙonmu ɗaya ne: duk lokacin da za a raba abinci a makaranta, a fara daga na ƙasa.

Ƙannena 'yan mata, gobe ku ne iyaye. Idan saurayi ya zo zance yana zuba miki kalamai, yana cewa ke ce hasken idanunsa, ki ɗan gwada shi da tambaya: yara nawa yake fata, kuma ya ya shirya wa cinsu da karatunsu? Amsarsa za ta gaya miki abin da turare da kayan toshi ba za su gaya miki ba. Ke kuma da Allah Ya hore wa gidanku, idan kin buɗe kwanonki a makaranta ki waiga gefenki, wata ƙila akwai mai cewa ta saba.

Ranar da zan taho, takwarata ta rako ni har zaure rungume da ɗan kwanonta mai murfi, tana cewa, "Anti, yau wake zan ci, kuma zan sam wa ƙawata." Na shafa kanta na sa mata albarka.

Ina jiran wasiƙunku, ku gaya mini yadda abin yake a garuruwanku. Allah Ya raya mana zuriya, Ya hore wa iyayenmu abin ciyar da su, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.

Taku har kullum.