KWABAR KARTON: KUSKUREN HAƊI YANA DA HATSARI

A kasuwannin Maradi, Damagaram, Tawa da Yamai, ana sayar da kayan ɗaki cikin karton. Akwai gado, akwai tabur, akwai kwaba, wadda wasu ke ce ma armuwar. Mai saye ba ya ganin kwabarsa tsaye. Alluna ne a shimfiɗe, da ƙunshin ƙusoshi, da takarda mai zane. Sai an kai gida a haɗa. Iyaye suna sayen su domin ɗakin amarya, don ɗaukarsu bisa amalanke ko mota ya fi sauƙi.

Amma in haɗi bai yi daidai ba, kuɗi sun halaka. Wani lokaci ma rai ne ke halaka.

Daga ina wannan dabara ta fito?

Kamfanin da ya yi suna da ita shi ne IKEA, na ƙasar Suwed, can arewacin Turai. An kafa shi a shekarar 1943. Wajen 1956 ya fara sayar da tabur wanda ƙafafunsa ke cire, mai saye ya ɗora su da kansa. Karton shimfiɗaɗɗe ba ya cin wuri cikin mota ko jirgin ruwa, don haka kuɗin dako yana raguwa. Yau masana'antu da yawa, a Sin da Turkiyya da sauran ƙasashe, suna yin irin waɗannan kaya.

Allon ba katakon kafinta ba ne

Mafi yawan allunan nan ba daga jikin icce aka tsago su ba. Ɓarɓashin katako ne aka gauraya da gam, aka danne da inji, aka lulluɓe da wata fata mai sheƙi. Daga waje yana da kyau. Daga ciki yana marmashewa. Ba ya jimre ma kuskure kamar katakon kafinta.

Kuskure na 1: juya allo

Alluna biyu suna iya kama da juna, amma hudojinsu ba wuri ɗaya suke ba. Mai gaggawa yana sa na dama a hagu. Sai aiki ya yi nisa ya gane. Dole ya kwance. Amma ƙusa mai murɗi, wadda masu aiki ke ce ma bis, in ta shiga wannan allo ta fita, hudar ta buɗe ke nan. Karo na biyu ba ta kamawa kamar na fari. Sauri ya haifi nawa.

Kuskure na 2: ɗaure ƙusa fiye da kima

Wani yana tsammanin ƙarfi shi ne aiki. Yana murɗawa har ƙusa ta cinye ramin, ta koma juyawa banza. Wani lokaci allon ma ya tsage. In ƙusa ta zauna ta tsaya, a bar ta. Wadda aka bari sakwaf kuma tana sa kwaba girgiɗi, girgiɗin kuwa yana ƙara faɗin hudar kullum.

Kuskure na 3: raina allon baya

Allon baya siriri ne, shi ya sa ake raina shi. Ana kafa mashi ƙusa huɗu a ce ya isa. Alhali shi ke riƙe da kwaba kada ta karkace. Kafin a kafa shi, a ɗauki igiya. A auna daga kusurwar sama ta dama zuwa ta ƙasa ta hagu. A sake aunawa daga ta sama ta hagu zuwa ta ƙasa ta dama. In awo biyu sun zo daidai, kwaba ta miƙe. In ba su zo daidai ba, ƙofofi ba za su rufu ba, aljihunan kwaba kuma za su riƙa cijewa.

Kuskure na 4: daɓe marar daidai da laima

In ƙafa ɗaya tana reto, nauyi yana komawa bisa sauran, mahaɗai su buɗe. In ruwa ya taɓa gindin allo, yana kumbura, kuma ba ya komawa yadda yake. A ɗora kwaba bisa daɓe mai daidai, busasshe, nesa da randa da wurin da ɗaki ke yoyo da damana.

Kuskure na 5: ƙin ɗaure kwaba ga bango

Wannan shi ne mafi muni. Cikin karton sau da yawa akwai ɗan ƙarfe ko maɗauri na kama kwaba da bango. Mutane suna yar da shi, suna cewa rara ce. Kwaba doguwa ce, ba ta da faɗin gindi. In yaro ya jawo aljihunanta ya taka don ya hau, nauyi yana rinjaya gaba, ta kife bisa kansa.

Wannan ya faru a Amurka. A 2014, yara 2 suka mutu ƙarƙashin kwabar tufafi ta IKEA mai suna MALM, wadda ba a ɗaure ga bango ba. A 2016 na uku ya mutu. Dukansu shekarunsu wajen 2 ne. A watan Yuni na 2016 kamfanin ya yi sanarwa bisa kwabobi miliyan 29 da ya sayar a ƙasar: ko a maido a karɓi kuɗi, ko a karɓi maɗauri kyauta. A 2022 Amurka ta kafa doka: sai an gwada tsayuwar kwabar tufafi kafin a sayar da ita.

Abin da ya kamata a yi

A shimfiɗa tabarma, a jera alluna da ƙusoshi, a ƙidaya su. A duba lambobin da ke cikin takarda, a bi su ɗaya bayan ɗaya. Mutum biyu su yi aikin: ɗaya ya riƙe, ɗaya ya ɗaure. In ƙusa ta yi saura, a koma ga zane a duba ko an tsallake wani wuri.

Ƙaramar ƙusa ba ta kamawa cikin bangon laka. A nemi magini ko kafinta ya kafa icce mai ƙwari cikin bangon, a ɗaure kwaba gare shi. A riƙa duba iccen saboda gara.

Kaya masu nauyi, kamar manyan tukwane da tasoshi, a sa su ƙasa. Masu sauƙi su hau bisa. Kada a aje alawa ko abin wasa bisa kan kwaba inda yaro zai hango.

Duk gidan da ke da irin wannan kwaba, maigida ya jijjiga ta yau. In ta motsa, a ɗaure ta tun yara ba su kai gare ta ba. Rigakafi ya fi magani.