Havoc: kalmar da ta fara da umarnin wasoso

Idan ambaliya ta ci gidaje a Lafiya, jaridun Turanci kan ce ruwa ya yi "havoc", ma'aikata kuma su kwafe ta cikin rahoton da za su aika Abuja. Ma'anarta ta farko kuwa ta daɗe da mutuwa. Daga tsohon Faransanci, "havot", ta fito: kira ne da ke sakin sojoji su yi wasoson dukiya. A 1385 Sarki Richard II na Ingila ya sanya hukuncin fille kai ga sojan da ya kuskura ya yi wannan kira. Wato a lokacin ɓarnar tana da mai ita, ana iya kama shi. Yau ruwan sama ake ɗora wa, wanda ya yi gini a kan magudana kuwa rahoton bai san da shi ba.