Gargaɗi Ga Ƙungiyoyin Unguwa: Asusunku Na Zurarewa

Jama'a, daga Samaru har Sabon Gari, ku binciki asusun ƙungiyoyinku na taimakon kai da kai tun kafin a wayi gari babu ko sisi. Ƙungiyoyin nan ne ke yasar kwata kafin damina, su sayi likkafani, su ɗauki mara lafiya zuwa asibitin koyarwa na Shika da tsakar dare. Ranar da asusun nan ya bushe, marayu ne za su fara ji a jikinsu.

A ƙungiyoyi da dama, kuɗin wata-wata yana nan yadda aka yanke shi tun kafin 29 ga Mayu, 2023, ranar da aka cire tallafin mai. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 1,000 a 2024, magani da buhun shinkafa suka bi sahu. Giɓin da ya samu, daga kuɗin ko-ta-kwana ake cike shi, kaɗan-kaɗan, ba wanda ke faɗa a taro.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne inda kuɗin ke kwana: a asusun ma'aji na kansa, cikin wayarsa. Ban ce ma'aji ɓarawo ne ba, yawancinsu mutanen kirki ne da ke aikin don Allah. Amma in rai ya yi halinsa, banki sunansa ya sani, kuɗin al'umma ya cakuɗe da gado, a bar dattawa suna kai-kawo tsakanin magada. Ga kuma rance ba takarda, an ce "ai ɗan'uwa ne", shekara ta zagayo ana jin nauyin tambaya.

Akwai kuma masu zuwa da romon baka, wai a zuba ajiyar a intanet ta ninka cikin wata guda. Haka MMM ta yi wa mutane a 2016, haka CBEX ta rufe da dukiyar jama'a a Afrilun 2025. Kuɗin likkafani ba na caca ba ne.

A taronku na gaba, ku nemi a karanta bayanin asusu daga banki a gaban kowa. A buɗe asusu da sunan ƙungiya, kada a fitar da ko kwabo sai mutum biyu sun sa hannu, a kuma ƙara kuɗin wata ko da za a yi gunaguni. Malam ma'aji, don Allah kai ka fara kawo littafin, kada ka jira a tambaye ka.